Babi na Biyar: Dogon Wuyan Raƙumin Dawa, Ribarsa da Wahalarsa

Me ya sa wuyan raƙumin dawa ya yi tsawo haka? Yaron da ya ga hotonsa a littafin makaranta yakan yi wannan tambaya, haka ma dattijon da ya tsaya gabansa a gidan namun daji. Amsar da kowa ya sani gajeriya ce: don ya kai ga ganyen da ke saman bishiya. Akwai gaskiya a cikinta, amma masana sun shafe fiye da shekara 200 suna ja-in-ja a kanta, domin da zarar an matsa mata sai wasu tambayoyi su ɓullo. In dogon wuya alheri ne tsantsa, me ya hana barewa da gwanki da ɓauna samun irinsa? In kuwa don ganyen sama ne, me ya sa ake yawan ganin raƙumin dawa ya sunkuyo yana cin wanda bai wuce kafaɗarsa ba? Abin da wannan babi zai nuna shi ne, dogon wuya makamin tsallake yunwar rani ne, kuma makami ne mai tsada ƙwarai, wanda zuciya da jijiyoyi da ƙafafu da barci da haihuwa duk suke biya. Wanda ya fahimci wannan ciniki zai gane dalilin da ya sa babu wata dabba a yau da ta bi wannan hanya, zai kuma gane dalilin da ya sa makomar raƙumin dawa ta rataya ga bishiya.

Mu fara da awo

Baligin namiji yakan kai mita 5 zuwa 5.5 daga kofato zuwa ƙaho, mace kuwa takan tsaya a ƙasa da haka da kusan mita ɗaya. Namiji yakan kai kilo 1,200 a nauyi, mace wajen kilo 800. Duk dabbobin da ke taka ƙasa a yau babu wadda ta kai shi tsawo. Wuyan kaɗai ya kusa mita 2, ƙafafun ma kusan haka suke. Duk da wannan tsawo, ƙasusuwan da ke cikin wuyan guda bakwai ne rak, daidai da na mutum da akuya da ɓera, domin kusan dukkan dabbobi masu shayarwa bakwai ɗin ne gare su. Bambancin yana ga girman kowane ƙashi, wanda a raƙumin dawa yakan kai santimita 25 ko fiye. Abin da ke riƙe da wannan nauyi wata jijiya ce mai kauri mai talewa, wadda ta taso daga tudun da ke kan kafaɗa ta bi bayan wuya har ƙeya. Ita ce ke tallafe da kai ba tare da tsoka ta gaji ba, har ta kai ga sunkuyar da kai ya fi masa wuya a kan ɗaga shi.

Akwai wata jijiyar saƙo da ke kai umarnin ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro. Tsakanin ƙwaƙwalwa da maƙogwaro tazara kaɗan ce, amma a dukkan dabbobi masu shayarwa wannan jijiya sai ta gangara ƙirji, ta zagaya babbar hanyar jini kusa da zuciya, sannan ta dawo sama. A jikin mutum zagayen bai taka kara ya karya ba. A jikin raƙumin dawa kuwa ya kai wajen mita 4. Wannan, tare da ƙasusuwa bakwai, yana nuna mana cewa tsarin jikin sauran dabbobi masu shayarwa ne aka miƙar har iyakar abin da zai iya ɗauka. Raƙumin dawa mai tuƙa ne, tumbinsa ɗaki huɗu, kofatonsa a tsage, kuma a zumunci ya fi kusa da saniya da barewa a kan raƙumin da Buzaye ke hawa, ko da yake tafiyarsu iri ɗaya ce, ƙafafu biyu na gefe ɗaya ke motsawa tare.

Ta yaya tsawon ya samu?

A 1809 wani masani Bafaranshe mai suna Lamarck ya ce kakannin raƙumin dawa ne suka yi ta miƙa wuya don su kai ga ganye, wuyan ya ɗan ƙaru, 'ya'yansu suka gaji ƙarin, su ma suka ɗora nasu. Bayani ne mai daɗin ji, shi ya sa har gobe mutane ke maimaita shi, amma bai yi daidai da yadda gado ke tafiya ba. Abin da jiki ya samu ta hanyar motsa shi ko rauni ba ya shiga ƙwayoyin gado. Wani Bajamushe, August Weismann, ya gwada wannan a ƙarshen ƙarni na 19: ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye zuriya bayan zuriya, amma kowane sabon ɗa da cikakkiyar wutsiyarsa ya zo. Charles Darwin ya kawo wani bayani, ya kuma faɗaɗa shi kan raƙumin dawa a bugun littafinsa na 1872. A kowane garke ana haihuwar wasu da ɗan fifikon tsawo a kan wasu. Idan fari ya zo, abinci ya yi ƙaranci, wanda ya fi saura kai wa ga ganye ko da da taƙi ɗaya ne ya fi su damar rayuwa da barin baya, kuma 'ya'yansa za su gaji tsawonsa domin da ma a jininsa yake. In aka maimaita wannan tacewa cikin miliyoyin shekaru, ƙaramin fifiko sai ya taru ya zama babba.

Shaidar da aka tono daga ƙasa ta goyi bayan cewa a hankali abin ya faru. Ɗan'uwan raƙumin dawa ɗaya tilo da ya rage a raye shi ne okapi, mazaunin kurmin Ituri a ƙasar Kwango, wanda Turawa ba su san da shi ba sai a 1901. Yana da dogon harshe da ƙananan ƙahoni irin na raƙumin dawa, amma wuyansa bai fi na doki da yawa ba, domin a cikin kurmi ganye yana ko'ina. Masana sun ƙiyasta cewa zuriyar biyun ta rabu fiye da shekara miliyan 11 da suka wuce. A tsibirin Samos na ƙasar Girka an tono ƙasusuwan wani dangi nasu da ya rayu kimanin shekara miliyan 7 baya, kuma tsawon ƙasusuwan wuyansa ya faɗa tsakanin na okapi da na raƙumin dawa. Mai imani zai iya cewa ai Allah ne Ya halicce shi haka, magana ta ƙare. Tambayar da muke bi a nan ta sababi ce: wane aiki wuyan yake yi, kuma ta wace hanya ya kai haka. Wanda ya yarda da Mahalicci ba ya asarar komai in ya ƙura wa halitta ido, sai dai ma ya ƙaru da sani.

Hujjar rani

Babban abin da ake suka da shi ga bayanin Darwin shi ne abin da ido ke gani. Masu bibiyar garkuna a Gabashin Afirka sun lura cewa raƙuman dawa, musamman mata, sukan shafe lokaci mai yawa suna kiwo da wuya a karkace, suna cin ganyen da ke daidai kafaɗa ko ƙasa da ita. Sai suka ce, to ina amfanin tsawon da ba a aiki da shi? Wannan suka ta manta da abu ɗaya. Ba a auna amfanin gaɓa da yawan kwanakin da aka yi aiki da ita, ana auna shi ne da ranar da rashinta zai zama ajali. Da damina ganye ya wadata, kowa na ci daga inda ya fi masa sauƙi. Wanda zai rayu da wanda zai mutu kuwa a ƙarshen rani ake tantance su, lokacin da ciyawa ta ƙone, ƙananan itatuwa suka kaɗe, kuma duk mai cin ganye ya koma ga 'yan bishiyoyin da suka rage.

An gwada wannan a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, a binciken da Elissa Cameron da Johan du Toit suka wallafa a 2007. Sun kewaye wasu itatuwan ƙaya da shinge mai hana ƙananan dabbobi masu cin ganye kusantarsu, amma raƙumin dawa na iya miƙo wuya ta sama, suka bar wasu a buɗe. A itatuwan da ke buɗe, rassan ƙasa sun kasance a tsige, ganyen kirki sai can sama. A waɗanda aka kewaye kuwa, rassan ƙasa sun cika da ganye kamar na sama. Ma'ana, ƙananan dabbobi ne ke cinye na ƙasa, kuma raƙumin dawa yana samun loma mafi tsoka a inda su ba sa kaiwa. Manyan bareyi ba sa wuce mita 2 zuwa 2.5, daga nan har kusan mita 6 babu mai ja da shi sai giwa.

Raƙuman dawan Nijar suna nuna wannan a fili cikin kai-komonsu na shekara. Da damina suna zama kan tudun Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, inda suke cin geza da sarƙaƙiya da makamantansu. Idan rani ya kama, waɗannan suka bushe, sai su gangara kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa da saman ƙasa kuma gawo ya yawaita. Kowane manomi ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa ya yi 'ya'ya. Wato a daidai lokacin da komai ya bushe, akwai ɗanyen ganye mai gina jiki rataye a sama, kuma mai dogon wuya ne kaɗai zai ci ba tare da an sassabo masa ba. Sauran jikin ma an shirya shi don wannan abinci. Harshen yakan kai santimita 45, baƙi-baƙi ne, yana naɗe reshe ya zage ganyen. Leɓɓan suna da kauri da gashi, suna ratsa ƙaya su zaɓo toho, yawun kuma mai yauƙi ne. Da waɗannan kayan aiki babban raƙumin dawa yakan ci ganye fiye da kilo 30 a yini.

Masu cewa don faɗa ne

A 1996 Robert Simmons da Lue Scheepers suka kawo wata fassara da ta yi tashe. Suka ce a dubi yadda maza ke faɗa. Biyu sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ware ƙafafu, ya wurga wuyansa ya maka wa ɗan'uwansa kai a haƙarƙari ko ciki ko ƙafa. Ƙoƙon kan namiji yana ƙara kauri da nauyi muddin yana raye, ƙahoninsa kuma sukan yi sanƙo a sama saboda gwabzawa, alhali na mace sirara ne masu tuntun gashi. Mai dogon wuya da kai mai nauyi dukansa ya fi ƙarfi, shi ke korar abokan hamayya, shi ke samun mata. Don haka, in ji su, gasar neman mata ce ta ja wuyan. A 2022 ma an ba da labarin ƙasusuwan wani tsohon dangin raƙumin dawa da aka tono a arewa maso yammacin ƙasar Sin, mai kimanin shekara miliyan 17, wanda ƙoƙon kansa da ƙasusuwan wuyansa suka nuna gwanin karo ne. Ashe faɗa da kai tsohon abu ne a wannan gida.

Wannan fassara ta gamu da cikas ɗaya da ta kasa tsallakewa, wato mace. Duk siffar da gasar maza ta haifar a jikin maza take tsayawa ko ta fi yawa, kamar gezar zaki. Macen raƙumin dawa ba ta faɗa da wuya, amma ga ta da dogon wuya. Graham Mitchell da abokan aikinsa sun auna maza da mata a 2009, ba su sami wani fifikon tsawon wuya ga maza ba in aka yi la'akari da girman jiki. Wani bincike na 2024 kan raƙuman dawa nau'in Masai ya ma gano cewa in aka kwatanta da jiki, wuyan mata ya fi tsawo, na maza kuwa ya fi kauri. Wannan ya yi daidai da hujjar abinci, domin macen da kusan kullum tana ɗauke da ciki ko tana shayarwa ita ta fi kowa buƙatar kai wa ga ganyen da ke can cikin rassa. Abin da ya fi kama hankali shi ne yunwa ce ta ja wuyan, daga baya maza suka mai da shi makami, gasar tasu ta ƙara masa kauri da nauyi.

Abin da zuciya ke biya

Duk wanda ya taɓa tura ruwa zuwa tankin da ke saman bene ya san cewa gwargwadon tsawon benen gwargwadon ƙarfin injin da ake buƙata, kuma bututun da ke ƙasa su ke shan matsi, su ke fara fashewa. Wannan ita ce matsalar raƙumin dawa dare da rana. Ƙwaƙwalwarsa tana wajen mita 2 sama da zuciya, kuma in jini ya yanke mata na 'yan daƙiƙu sai suma. Don haka bugun jininsa ya ninka na lafiyayyen mutum kusan sau biyu, matakin da in likita ya gani a jikin ɗan Adam zai kwantar da shi nan take. Zuciyar takan kai kilo 11. An daɗe ana cewa ƙatuwa ce fiye da kima, amma awo ya nuna daidai take da girman jikinsa. Sirrinta yana ga ɗakin hagu mai tura jini, wanda bangonsa ke da kauri sosai, cikinsa kuma ƙarami. Dogayen ƙafafun ma suna rage mata aiki, domin sun ɗaga ta sama kusa da kai. Da a ce duk tsawon a wuya yake, da tazarar da za ta tura jini ta fi haka nesa ba kusa ba.

Matsin da ya isa kai jini sama yana da haɗari ga ƙasa. A ƙafafu, nauyin jinin da ke sama yana ƙaruwa kan bugun zuciya, abin da a jikin mutum zai sa ƙafa ta kumbura ta tara ruwa. Ƙafafun raƙumin dawa ba sa kumbura, saboda fatarsu a ɗame take tamau, hanyoyin jinin da ke cikinsu kuma masu kaurin bango ne da ƙaramar kafa. Sai kuma lokacin sunkuyawa, inda kai ke saukowa daga sama da zuciya zuwa ƙasa da ita. Manyan jijiyoyin da ke dawo da jini ta wuya suna da ƙofofi masu hana shi komawa baya, kuma suna buɗewa su tara jini mai yawa a lokacin, abin da ke rage wanda ke komawa zuciya ya sassauta bugun. Da ya ɗago, jinin ya koma, bugun ya tashi, ƙwaƙwalwa ba ta rasa rabonta ba. Likitoci sun damu da wannan dabba domin hawan jini yana lalata zuciya da ƙodar mutum amma ba ya lalata nata. Bayan an karanta ƙwayoyin gadonta a 2016, an lura da wata ƙwaya mai suna FGFRL1 da ta sha bamban da ta sauran dabbobi. A 2021 masu bincike suka sanya irin wannan sauyi a jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka fi jure maganin da ke tayar da hawan jini, ƙasusuwansu kuma suka fi ƙwari.

Ruwa, barci da haihuwa

Duk tsawon wuyan, ba ya kai ƙasa in dabbar na tsaye sosai, domin ƙafafun gaba sun yi tsawo. Kafin ya sha ruwa sai ya ware su ko ya lanƙwasa gwiwa, kuma a wannan tsayuwa ba ya iya zabura da sauri. Nan ne zaki da kada ke samun sa'arsa. Shi ya sa yakan daɗe yana dube-dube kafin ya sunkuya, ya sha da gaggawa, kuma yakan yi kwanaki bai je ruwa ba in ganyen da yake ci ɗanye ne. Kwanciya ma haka take, tashi daga ƙasa aiki ne mai cin lokaci. Barcinsa guntu-guntu ne, sau da yawa a tsaye, barci mai nauyi kuwa, wanda yake naɗe wuya ya ɗora kai a kan cinya, 'yan mintoci ne. A tsaye yake da ƙarfi: idonsa na hango nesa, gudunsa kan kai kilomita 55 a awa a gajeren zango, harbinsa kuma na iya kashe zaki.

Haihuwa ta fi komai nuna tsadar tsawo. Mace takan ɗauki ciki wata 15, ta haifi ɗa ɗaya, a tsaye. Jaririn yakan faɗo daga kusan mita 2, kuma shi kansa tsawonsa ya kai mita 1.8, domin in bai kai haka ba ba zai kai ga nono ba. Cikin awa ɗaya ya miƙe. Iyaye mata sukan tara 'ya'yansu wuri ɗaya, ɗaya ta tsaya gadi saura su tafi kiwo. Duk da haka, a wuraren da zaki da kura da damisa suka yawaita, irin Serengeti a Tanzaniya, kusan rabin 'ya'yan ba sa cika shekara. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar, daga nan kuma kusan shekara biyu ke raba haihuwa da haihuwa. Ga dalilin da ya sa barewa da gwanki ba su yi dogon wuya ba. Ribar ganyen sama tana da iyaka, tsadarta kuwa ta shafi kowace gaɓa, kuma ba a cin ribar sai an biya duka. Da zarar wata dabba ta riga ta mamaye saman bishiya, wadda ta ƙara ɗan tsawo kaɗan za ta ɗauki wahalar ne kawai, ta tarar an riga ta cinye ganyen.

Inda babu bishiya

Dabbar da aka gina jikinta kacokan kan cin ganyen sama ba ta da wata mafita in bishiya ta kau. Ba ta iya komawa kiwon ciyawa kamar saniya, jikinta bai ba ta dama ba. Tarihin yankinmu ya tabbatar da haka. A Dabus, arewa da Agadas, a gefen duwatsun Azbin, akwai zanen raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya fi mita 5, kuma an ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 da 8,000. Waɗanda suka sassaƙa shi sun san dabbar ido da ido, domin a lokacin wurin da yake hamada a yau daji ne mai tafkuna da itatuwa. Da ruwan sama ya ja baya, bishiyoyi suka mutu, raƙuman dawa suka bi su kudu. A farkon ƙarni na 20 ana samunsu daga Senegal har tafkin Chadi, haɗe da arewacin Najeriya. Bindiga, da faɗaɗa gonaki, da saran itace, da farin shekarun 1970 da 1980 suka share su ƙasa bayan ƙasa. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukkansu a yankin Kure. A nahiyar baki ɗaya ma adadin ya faɗo daga sama da 150,000 a 1985 zuwa ƙasa da 100,000 a 2015, abin da ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2016. A 2025 ƙungiyar ta amince cewa jinsi huɗu ne, ba ɗaya ba, kuma na arewa, wanda ya haɗa na Nijar da na gandun Waza a Kamaru da na Zakuma a Chadi, shi ne mafi ƙaranci, 'yan dubbai ne kawai.

Wani zai ce labarin Nijar ya rushe wannan hujja, tunda daga 49 sun haura 600 alhali saran itace bai tsaya ba, don haka farauta ce matsalar. Gaskiya ne hana farauta da gwamnatin Nijar ta yi, da haɗin kan ƙauyukan Zabarmawa da ke zaune tare da su, su suka ceto garken, kuma rashin zaki a yankin ya taimaka wa 'ya'yan rayuwa. Amma hana kisa yana ba garke damar ƙaruwa ne kawai, bishiya ce ke yanke iyakar da zai kai. Dajin tudun Kure yana ta raguwa saboda itacen girkin da ake kai wa Yamai da sababbin gonaki, kuma sakamakon a bayyane yake: raƙuman dawa suna shiga gonaki su ci wake, su shiga lambu su ci mangwaro, wasu kuma suna yin nisa neman kiwo. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2018 aka ɗauki guda takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800, wurin da suka ɓace kusan shekara 50 kafin nan. Manomin da aka cinye wa wake yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, asararsa ta gaske ce, kuma kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa ya ja baya ƙwarai bayan harin da ya kashe mutum takwas a Kure a watan Agustan 2020. Kariyar da ba ta share masa hawaye ba ba za ta ɗore ba. Sai dai buƙatarsa da ta raƙumin dawa sun haɗu a wuri ɗaya. Gawon da ke ciyar da dabbar da rani shi ke ƙara wa gona taki, shi ke ciyar da awaki da tumaki. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu, sun dawo da miliyoyin bishiyoyi ba tare da dasa ko ɗaya ba. Wannan hanya ta fi kowace doka kusa da tabbatar wa raƙumin dawa gobe.

Zuwa yanzu mun dubi wannan alaƙa ne daga ɓangaren mai ci. Bishiyar da ake tsiga kullum ita ma ba zaman jiran ajali take yi ba. Bagaruwa da farar ƙaya da danginsu suna tsawaita ƙayarsu a rassan da ake yawan ci, suna ƙara ɗaci a ganye, wasunsu a Gabashin Afirka har tururuwa suke saukarwa a cikin ƙayoyinsu, su ciyar da ita don ta ciji duk wanda ya kawo baki. Babi na gaba zai bi waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda itacen da ba ya gudu yake kare kansa, da abin da ke faruwa da shi in aka kawar da masu cinsa.